Mun Tafi Neman Malamin Gona

Abin da ya tashe mu wannan tafiya albasa ce, ruɓaɓɓiya kuwa. Makarantarmu tana da 'yar gona a bayan azuzuwa, kusa da rijiya, inda 'yan aji 5 da aji 6 suke koyon aikin hannu. A ranin 2024 muka dasa albasa fangali 12. Ta yi kyau ƙwarai, har iyaye sukan tsaya a bakin shinge suna sa albarka. Muka cire ta, muka zuba a ɗakin ajiya bisa siminti, muka sa kwaɗo, da nufin sai damina ta yi nisa kuɗinta ya hau, sa'an nan mu sayar mu sayi alli da littattafai. Ran da muka buɗe ɗakin a watan Yuli, wari ne ya fara yi mana maraba. Wadda ba ta ruɓe ba ta tsira. Yaran da suka yi watanni suna jan guga suna ban ruwa suka yi tsaye shiru, sai wata yarinya ta ce, "Malam, me muka yi ba daidai ba?" Ba mu da amsa, mu da muke da takardar difloma a rataye a bango.

Muka aika a kira mana malamin gona na yankinmu. Ɗan aike ya dawo ya ce malamin ya yi ritaya tuntuni, ba a kuwa kawo wani ba. Saboda haka a watan Fabrairu na 2025 muka ce gara mu je inda albasa take da gida, watau Aliero, mu tambaya da bakinmu. Mu 3 ne: malamai biyu, da wani dattijo maƙwabcin makaranta wanda ya tsufa cikin noma, shi ne kuwa ya fi mu amfani a tafiyar.

Wane ne malamin gona?

Yaran yanzu suna iya yin wannan tambaya, amma a wurinmu da muka yi ƙuruciya a ƙarshen shekarun 1980 malamin gona ba baƙo ba ne. Mukan ji ƙarar babur ɗinsa tun daga nesa mu sheƙa a guje mu tarye shi. Yana da jaka, da littafi, da wata igiya mai ƙulli-ƙulli ta auna tazarar shuka. Yakan roƙi ɗan fili kaɗan a gefen gonar uban wani, wajen da kowa yake wucewa, ya shuka nasa irin bisa ga nasa tsari, sauran gonar kuwa mai ita ya yi yadda ya saba. Ba ya gardama da kowa. In kaka ta yi, a auna nan, a auna can, gani ya kori ji.

Wannan aiki yana da asali. A 1975 aka buɗe ayyukan raya noma da taimakon Bankin Duniya a Funtuwa da Gusau da Gombe. Da aka ga amfaninsu sai aka faɗaɗa, a 1982 aikin ya game Jihar Sakkwato duka, lokacin kuwa ƙasar Gwandu da Argungu da Yawuri da Zuru duk suna cikinta. Da aka ƙirƙiro Jihar Kebbi ran 27 ga Agusta 1991, ita ma ta sami tata hukumar, wadda ake kira KARDA. Tsarin da aka bi a wancan zamani shi ne, kowane mako biyu a tara malaman gona a koya musu abin da ya dace da lokacin, su kuma su zaga ƙauyukansu a ranakun da manoma suka sani. Tambayar da ta fi ƙarfin malami sai ya kai ta gaba, har ta isa wurin masu bincike, irin na Samaru ta Zariya. Da kuɗin Bankin Duniya suka ƙare a tsakiyar shekarun 1990, sai aikin ya soma ramewa a jihohi da yawa. Babura suka tsufa, masu hawansu suka tsufa, waɗanda aka ɗauka a madadinsu ba su kai yawan waɗanda suka tafi ba. Yau malami guda yana iya zama shi ne na dubban manoma.

Maiyama

Mun taso daga wajen Yawuri da sassafe, muka bi babbar hanyar da ta nufi Sakkwato, muka wuce Koko, hantsi ya same mu a Maiyama. Hazon hunturu bai gama washewa ba. Gonakin tudu duk a share suke, sai kututturen gero da dawa, da harawar wake da aka ɗora bisa rassan itatuwa domin kada awaki su kai gare ta. Muka tsaya shan shayi, muka tambayi mai shayi inda za mu ga malamin gona. Bai yi wata-wata ba, ya nuna mana wani shago a ƙetaren hanya, inda aka jera kwalabe da galan-galan da buhunan taki.

Mai shagon saurayi ne mai fara'a, ya ba mu benci. Muna zaune sai ga wani tsoho da ganyen tattasai a hannu, duk ya murɗe. Ya miƙa ya ce, "Yaro, duba mini wanga." Saurayin ya juya ganyen sau biyu, ya miƙa hannu bisa kanta ya ɗauko kwalba, ya ce, "Baba, murfi biyu a tanki guda." Tsoho ya biya ya tafi. Abin bai kai minti 3 ba. Muka karɓi irin kwalbar muka duba, rubutun jikinta duk Turanci ne, ƙanana kamar ƙwayar gero, har mu sai da muka sa tabarau.

Kada mai karatu ya ɗauka muna zargin yaron nan da mugunta. Shi ne yake nan sa'ad da manomi yake cikin damuwa, yana kuma ba da bashi har kaka, abin da ba kowa zai yi ba. Amma murɗewar ganye tana da dalilai da yawa. Wani sa'i ƙwari ne, wani sa'i cuta ce wadda ba feshin da zai warkar da ita, wani sa'i ƙasar ce take jin yunwa. Malamin gona yana iya ce maka, "Kada ka sayi kome, tuge waɗanda suka kamu ka ƙone." Mai shago kuwa da wuya bakinsa ya iya furta wannan magana, gama abincin gidansa yana cikin kwalbar nan. A wurare da yawa yanzu shi ne ya gaji kujerar malamin gona, ba tare da kowa ya naɗa shi ko ya koya masa ba.

Muna fitowa muka ga wani yaro, bai fi ɗan aji 6 ɗinmu ba, goye da tankin feshi, ba takalmi, ba abin rufe hanci, rigarsa a jiƙe ta baya inda tankin yake yoyo. Iyaye, maganin ƙwari yana shiga ta fata kamar yadda yake shiga ta baki. Galan da ya ƙare kuma ba na ɗiban ruwan sha ba ne, ko an wanke shi sau 10.

Maganar ta fi tsanani a kan wake. Kowace uwargida ta san yadda ƙwari suke mai da buhun wake gari cikin 'yan watanni, shi ya sa wasu suke yayyafa masa fiya-fiya kafin su ɗinke buhu. A 2015 ƙasashen Tarayyar Turai suka hana shigar da busasshen wake daga Nijeriya saboda yawan irin wannan guba da suka samu a ciki. Waken da Bature ya ƙi, mu ne muka ci shi a ƙosai da alala. Ga shi kuwa akwai hanyar da ba ta bukatar magani ko kaɗan, watau buhun nan mai riɓi 3 da ake kira PICS, wanda masanan Jami'ar Purdue ta Amurka suka fitar tare da abokan aikinsu na Kamaru, aka kuma soma yaɗa shi a ƙasashenmu daga 2007. Leda biyu ne masu kauri a ciki, da buhun saƙa a waje. A busar da wake sarai, a zuba, a matse iska, a ɗaure kowane riɓi dabam. Ƙwarin da suke ciki su shanye 'yar iskar da ta rage su mutu. Muka tambayi saurayin ko yana da shi. Yana da shi, a can ƙarƙashin kanta. Ya ce masu saye suna kukan tsada, wasu kuma sun huda ledar da tsinke ko sun ɗaure da sako-sako, wake ya ɓaci, suka ce buhun ƙarya ne. Ba wanda ya taɓa tsayawa a kasuwa ya nuna musu ɗaurin.

Tsakanin Maiyama da Jega tayarmu ta yi faci. Muna jiran mai gyara a gindin wata tsamiya sai garken shanu ya ratso, farare masu gajeren ƙaho irin na Gudali, da jajayen Rahaji masu dogon ƙaho a cikinsu. Mai su dattijo ne, da sanda bisa kafaɗa. Abokin tafiyarmu ya gaishe shi da 'yar Fulatancin da ya iya, nan da nan aka saba.

Muka ce, "Baffa, yaushe rabonka da malamin dabbobi?"

Ya yi dariya. Ya ce in an yi shelar allurar rigakafi yakan kai shanunsa, amma sauran shekara shi ne likitan kansa. Ya kwance wata 'yar jaka ya nuna mana sirinji da kwalabe biyu da ya saya a kasuwa. Da wannan yake yi wa sammore, da ciwon hanta, da duk abin da bai gane ba. Muka tambaye shi ko ana tatsar saniyar da aka yi wa allura. Ya dube mu kamar mun yi tambayar yara, ya ce in ba a tatsa ba me za a kai kasuwa? Ba wanda ya taɓa gaya masa cewa akwai kwanakin da ya kamata a bari maganin ya fita daga jikin dabba kafin a sha nononta ko a ci namanta. Nonon nan kuwa shi ne ake dama mana fura da shi.

Duk da haka mutumin nan ya san darajar malamin dabbobi fiye da mu. Ya tuna bushiya ta 1983, sa'ad da shanu suka yi ta faɗuwa a ƙasar nan har wasu masu garke suka wayi gari da sanda kaɗai. Allurar rigakafi ce ta kashe wannan cuta, irin wadda aka riƙa yi a Vom ta Jihar Filato, inda aka kafa wurin binciken cututtukan dabbobi tun 1924. A 2011 aka yi shela cewa bushiya ta ƙare a duniya ɗungum. Wanda ya ga wannan da idonsa ba ya bukatar a lallashe shi.

Babban kukansa abinci ne. Dā, in ji shi, in an kawar da amfanin gona manomi da kansa yake kiran Bafillace ya sauka a gonarsa, shanu su ci kara su bar taki, har a ba shi damin gero. In rani ya tsananta sai a gangara fadama, inda ciyawa take ɗanya har bazara. Yanzu kara da harawa na sayarwa ne, burtali ya tsuke, fadama kuwa ta zama gona rani da damina. Abokinmu malami ya gaya masa abin da ya karanta, cewa ana iya jiƙa karan shinkafa da ruwan yuriya, kimanin kilo 4 ga kilo 100 na kara, a rufe ruf kamar mako 3, ya yi laushi ya ƙara amfani a jikin saniya. Dattijon ya girgiza kai. Ya ce ya san yuriya, ya taɓa ganin ta kashe ɗan maraƙin da ya lashi buhu. Gaskiyarsa kuwa. Irin wannan abu ba a koyonsa da baki a gindin tsamiya, sai wanda ya iya ya zo ruga ya yi a gaban mutane.

Jega

Jega mahaɗar hanyoyi ce: ga ta Birnin Kebbi, ga ta Sakkwato, ga wadda muka biyo daga kudu. Tun dā haka take. Buhari ɗan Abdussalami na Gimbana ne ya kafa garin wajen 1820, kafin ƙarnin ya ƙare kuwa kasuwarsa ta zama babban zango ga fataken da suke zuwa Gwanja sayen goro. Gulbin Zamfara ya bi ta gefen garin a kan hanyarsa ta zuwa haɗuwa da gulbin da ya fito daga Sakkwato, su tafi tare su faɗa Kwara. Daga kan gada, bayan dogon tudu mai ƙura, sai ido ya faɗa kan kore shar har iyakar gani.

Muka gangara fadama da la'asar. Ko'ina ƙarar injin ban ruwa. Abokin tafiyarmu ya ce shi da jigo ya fara noman rani, yini guda mutum yana sunkuyawa yana miƙewa domin ɗan abin da bai fi tsakar gida ba. Ƙaramin inji da 'yar rijiyar burtsatse su ne suka sake fuskar fadama, musamman daga 1993 da aka soma babban shirin nan na Fadama. Shinkafar da muka gani yawancinta irin nan ne da ake kira FARO 44. A nan Jihar Kebbi ne kuma Shugaba Muhammadu Buhari ya buɗe shirin rancen Babban Banki ga manoman shinkafa ran 17 ga Nuwamba 2015, aka ba mutane iri da taki da inji a kan su biya da shinkafa. Ma'aikata da 'yan kasuwa da yawa suka zama manoma a shekara guda. Sa'an nan ambaliyar 2020 ta zo ta shafe gonaki masu yawa gab da girbi, bashi ya kwanta a wuyan mutane. Wannan shiri ya riga ya zama tarihi. Tun daga 29 ga Mayu 2023 da aka janye tallafin man fetur, maganar kowa a fadama ita ce abin da inji yake sha. Mun ga wanda ya juya injinsa ya koma aiki da tukunyar gas, mun ga masu hali sun kafa faifan hasken rana.

A nan ne muka sami malamin gona na farko a tafiyarmu, shi ma mai ritaya. Wani ya kai mu wurinsa, muka tarar da shi tsugune a bakin tasa gonar, wandonsa a naɗe. Ba sai an faɗa maka gonar malami ce ba. Dashen a layi yake ɗoɗar, fangalin a baje kamar faranti.

Muka ce, "Ranka ya daɗe, ashe har yanzu igiyar tana nan?"

Ya ce tana nan, ita kaɗai ce ba ta yi ritaya ba. Sa'an nan ya zaga da mu. Ya ce yawancin man da maƙwabtansa suke ƙonawa rashin baje ƙasa ne yake cinye shi, gama in fangali yana da tudu da kwari, kafin ruwa ya hau tudun kwarin ya nutse. Ya ce suna barin iri ya tsufa a wurin reno har wata guda da rabi, alhali in an dasa shi yana ɗan mako 2 zuwa 3, a tazarar santimita 20, ya fi yin 'ya'ya. Yuriya kuma suna watsa ta gaba ɗaya da tsakar rana, rabi ya bi iska rabi ya bi ruwa, maimakon a raba ta kashi biyu ko uku a ba shuka sa'ad da take bukata. A cikin abubuwan nan 3 ba wanda yake bukatar ƙarin kobo. Wannan ya tsaya mana a rai. An raba wa mutane inji da taki na kuɗi masu yawa, amma mutumin da zai tsuguna tare da su ya nuna musu yadda za su ci moriyar kayan, shi ne aka ga ya yi tsada.

Muka tambaye shi ko maƙwabta suna koyi da shi. Ya ce na kusa da shi sun soma, gama suna ganin buhunansa ran girbi. Na nesa kuwa ba shi da man zuwa wurinsu. Ya ƙara da wata magana da ba mu zata ba. Ya ce su ma a zamaninsu sun yi kuskure: sukan zo da saƙo guda daga ofis su karanta wa kowa, mai tudu da mai fadama, kamar manomi bai san kome ba. Mata kuma, waɗanda su ne masu turara shinkafa da kiwon awaki da kaji a cikin gida, malami namiji ba ya isa wurinsu, malamai mata kuwa ba su taɓa yawa ba. Da muka ba shi labarin albasarmu sai ya ce, "Wannan ba ni za ku tambaya ba. Ku isa Aliero, can ko ni ɗalibi ne."

Aliero

Daga Jega zuwa Aliero tafiya kaɗan ce a kan hanyar Sakkwato. Hanci yake fara sanar da kai ka iso. Buhuna jajaye a tsaitsaye a bakin hanya, manyan motoci suna lodi zuwa Ikko da Ibadan da Anacha, mata suna tara lawashi domin a daka a yi gabu. Garin yana da suna biyu a ƙasar Hausa, albasa da ɗori. Mun ga ana sauko da wani mai karaya daga mota, an kawo shi daga nesa wurin masu ɗorin gargajiya, amma wannan labari ne na wata rana. Masu karatu da suka taɓa zuwa asibitin Galmi a Jamhuriyar Nijar za su tuna irin wannan wari da irin waɗannan buhuna, gama albasar Galmi ta yi suna a Afirka ta Yamma duka.

Wani mai awo ya haɗa mu da wani tsoho a gonarsa bayan gari. Ya shimfiɗa mana buhu, aka kawo ruwa, muka kwashe labari tun daga dashe har ran da muka buɗe ɗaki. Bai katse mu ba. Da muka gama ya ce, "Malam, yaushe kunka yanke mata ruwa?"

Muka ce ba mu yanke ba, har jajiberin cirewa yara suna ban ruwa, domin ƙasa ta yi laushi.

"Mi kunka zuba mata daga baya?"

Muka ce yuriya, da muka ga ta soma kai, domin ta ƙara girma.

Ya dubi ɗansa, ɗansa ya dubi ƙasa. Sa'an nan ya ce, "Ai ku kunka kashe ta tun tana gona. Ɗaki bizne ta kawai ya yi."

Ga abin da muka koya, mun kuwa rubuta shi a littafi kamar 'yan aji ɗaya. Albasar ajiya ba a ba ta yuriya bayan ta soma kai, gama takan yi ƙaton wuya mai ruwa, ta wuyan nan kuwa ruɓa take shiga. Ana jira sai ganyen rabin gona ko fiye ya kwanta da kansa. Ana yanke ruwa kamar mako 2 kafin cirewa. In an cire ba a jefa ta, ba a tsaya a kanta. A bar ta ta sha iska, ganyen wata yana rufe kan wata domin kada rana ta ƙona ta, har wuyan ya bushe, ɓawon ya yi ƙara in an taɓa. Sa'an nan a yanke ganye a bar ɗan wuya kamar faɗin yatsa biyu. Mu kuwa mun yanke namu tun yana ɗanye, dab da kai. Wadda ta ji rauni, da mai ƙaton wuya, da tagwaye, duk a ware su a ci ko a sayar nan da nan.

Daga nan ya kai mu wurin rudu. Rumfa ce ta kara da itace, an ɗaga gindinta daga ƙasa, an yi mata jinka ta ciyawa, iska tana shiga ta ƙasa da ta gefe. Ba a tula albasar da zurfi. Lokaci lokaci ana buɗewa a tsince wadda ta soma lalacewa kafin ta shafa wa 'yan'uwanta. Siminti da rufin kwano da ƙofa a kulle, in ji shi, tukunya ce muka ɗora. Amma bai ɓoye mana ba, ko a rudu ana hasara mai yawa in damina ta yi nauyi, shi ya sa mai bukatar kuɗi yake sayarwa a Maris da Afrilu sa'ad da albasa ta fi araha, wanda ya iya jira har ƙarshen shekara kuwa shi yake cin ribar wahalar wani.

To, mutumin da ya san wannan duka, me zai yi da malamin gona? Mun tambaye shi haka. Ya ce abin da ya gada ya sani, amma akwai abin da bai gada ba. Ya tsinko ganye ya buɗe tsakiyarsa ya nuna mana wasu ƙwari ƙanana ƙwarai masu tsotse shi har ya yi fari-fari, ya ce maganin da yake kashe su dā yanzu kamar wanka yake yi musu. Ya nuna wani ganye mai tabo ja-ja da yake ci har ganyen ya karye. Ya kuma yi kukan iri: mutum ya sayi na gwangwani ko na mudu da tsada, ya shuka, ko ya ƙi fita, ko ya fito ya yi ta ganye ba kai. Waɗannan su ne tambayoyin da dā ake ɗauka a kai Samaru.

Abin mamaki, amsar ba ta da nisa da shi. A 2006, zamanin Gwamna Muhammadu Adamu Aliero, aka kafa jami'ar kimiyya da fasaha ta jiha a garin nan, tana da sashen koyon aikin gona, da gonar gwaji a fadamar Jega. A Zuru kuma an sami jami'ar aikin gona ta tarayya a 2020. Ɗan tsohon nan da ya dubi ƙasa ɗazu, ashe ɗalibin aikin gona ne. Shi ya nuna mana gwajin da ya koya wa mahaifinsa: a ƙirga ƙwayar iri 100, a jera a tsumma mai laima, a naɗe, a ajiye a inuwa ana yayyafa ruwa, bayan kwana 10 a ƙirga waɗanda suka tsira. Irin albasa ba ya jimre ajiya, in ya shekara a wuri mai zafi yawancinsa ya mutu, ko da yake a ido lafiyarsa lau. Tsohon ya ce da fari ya ɗauka wasan 'yan boko ne, yanzu kuwa ba ya biyan kuɗin iri sai an ba shi na gwaji. Maƙwabta ma sun fara kawo nasu tsumman.

Muka tambayi saurayin ko zai yi aikin malamin gona in ya gama. Ya ce yana so, in za a ɗauke shi. In ba a ɗauke shi ba, wani kawunsa ya yi alkawari zai buɗe masa shagon magani a bakin kasuwa.

Mun kwana a Jega, washegari muka kamo hanyar gida da damin kara biyu da tsohon ya sa aka ɗaura mana bisa mota domin mu ga irin kaurin da ake so. Mun iske yara suna ban ruwa, muka ce su ajiye guga. Yuriya kam mun riga mun zuba kafin mu tafi, ba yadda za a yi a kwashe ta. A watan Maris 'yan aji 6 suka kafa ɗan rudu a bayan ofishin hedimasta, ya ɗan karkace, amma yana tsaye. Yarinyar nan mai tambaya ita aka ba littafin lissafi, kowace Jumma'a tana rubuta yawan waɗanda aka tsince. Zuwa Agusta, cikin kwando 5 da muka zuba, mun fitar da 3 da rabi masu kyau.

Akwai rugar Fulani a gabashin makaranta, 'ya'yansu biyu suna aji 3. Mun ba mahaifinsu labarin karan shinkafa da yuriya, ya ce in an sami wanda zai yi a gabansa, shi zai kawo karan, ya kuma kira 'yan'uwansa. Mun rubuta takarda sau biyu muna roƙo a aiko mana da malamin dabbobi ko na yini guda. Karan yana nan a tare a gindin ɗorawa, mun rufe shi da tsohuwar tabarma saboda awaki.